Ranar da Kwamanda Ya Shiga Dawa

Duk mai cewa birnin Kano ya daina haifar jarumai, to bai taɓa biyowa ta Ƙofar Ruwa ranar Asabar da hantsi ba. Da ya biyo, da ya ga Malam Abdulmuttalib ya fito daga gida cikin kaki mai ƙyallin guga, da faffaɗar hula, da jan ƙyalle ɗaure a wuya, da usur yana lilo a kan tumbi. Takalminsa irin na sojoji ne, kuma tun kafin ya karyo kwana ake jin sa. Masu shayi sukan dakata da fifita wuta. Awaki sukan ba da hanya. Shi kuwa ba ya kallon kowa, domin mutumin da ke ɗauke da tarbiyyar manyan gobe ba shi da lokacin waige-waige.

Wannan bawan Allah shi ne shugaban Rundunar Zaratan Badala, ƙungiyar 'yan sikawut ta unguwarmu. Babu mai biyan sa ko sisi, kuma ba ya barin a manta da haka. A gabansa ana ce masa Kwamanda. A bayansa kuwa matasa sun naɗa shi Sarkin Dawan Soro, saboda duk dazukan da ya ratsa a rayuwarsa, a soron gidansa ya ratsa su, yana kishingiɗe a kan darduma.

Asalin ƙungiyar ba tasa ba ce. Wani saurayi ne mai suna Ɗayyabu, malamin firamare, ya ga yaran unguwa suna gararamba ranar Asabar, ya ce bari a tara su a koya musu wani abu. Iyaye suka ce sai da dattijo a ciki. Aka duba, aka ga Malam Abdulmuttalib ya yi ritaya daga ofis, yana da furfura, yana da lokaci. Aka roƙe shi ya zama uban ƙungiya, wato ya riƙa zuwa yana zama a kujera yana sa albarka. Ya karɓa da tawali'u. Sati bai zagayo ba ya je wajen tela. Wata bai cika ba ya zama Kwamanda. Da aka yi Sallah ya ƙara wa kansa girma zuwa Babban Kwamanda, bayan ya yi shawara da kansa ya ga ya cancanta.

Lambobin da ke ƙirjinsa kuwa abin kallo ne. Akwai ta jarumta, akwai ta sanin daji, akwai ta ceton rai, akwai wata mai hoton kifi wadda ya ce ta ninƙaya ce. Duk tela ɗaya ne ya ɗinka su a Mandawari, kuma telan ya shaida cewa Kwamanda bai taɓa karɓar lambar da bai zaɓi launin zarenta da kansa ba.

An raba aiki a rundunar bisa adalci. Ɗayyabu yana yin abin da ake yi da hannu, Kwamanda yana yin abin da ake yi da baki. Ɗayyabu ne ke lallaɓar maigadin makaranta ya buɗe fili, shi ke kawo ruwan sha, shi ke wanke wa wanda ya faɗi ciwo, shi ke bi gida-gida neman waɗanda suka yi fashi, shi ke koya musu ƙullin igiya da kafa tanti. Kwamanda kuma yana hura usur, yara su jeru, a yi ta hagu-dama, hagu-dama, har ƙura ta tashi. Daga nan ya hau kan wani tsohon benci ya yi jawabi.

"Zarata!" in ji shi. "Ku dube ni da kyau. Jinin daji ne ke gudana a jikin nan. Kakana da ƙafa ya koro garke tun daga Adamawa, sanda kawai a kafaɗarsa. Mu ba a koya mana daji, da shi ake haifar mu. Ni nan idan na shaƙi iska, ina gaya muku inda ruwa yake. Abin da kuka rasa shi ne disifilin, kuma shi na zo in ba ku."

Garken kakan nan yana da albarka ƙwarai, don kowace Asabar sai ya ƙaru. Haka ma kurayen da suka tare shi a hanya. Abin da jawabin ba ya kawowa shi ne, jikan mai garken bai taɓa kwana a wajen badala ba, in ban da aikin Hajji da wani taron bita da ofis ta tura shi Kaduna, inda ya kwana a otal ya kuma yi ƙorafin sauro. A gida ma idan za a kama zakara, uwargidansa Nana Hadiza ce ke kamawa, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana ba da umarni.

Wata Asabar ya ce yau zai nuna musu yadda ake yin wuta ba ashana. Ya sa aka kawo itace biyu, ya durƙusa, ya fara murzawa. Ya murza har hantsi ya dubi ludayi. Ya murza har hular ta zamo masa kan hanci. Gumi ya jiƙa lambar sanin daji. Can sai yara suka yi sowa, ga hayaƙi, ga hayaƙi! Kwamanda ya ɗago kai cike da alfahari, sai aka ga ashe mai ƙosai ce ta bayan katanga ta hura murhunta. Bai ko girgiza ba. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce itacen birni ba shi da tarbiyya, ranar da aka je daji za su ga aiki. Sati guda yana cin tuwo da cokali saboda bororon da ya fito masa a tafin hannu.

A yi masa adalci dai. Mutumin nan yana son yaran. Ya san sunan kowa da na ubansa da na kakansa. Idan ɗaya ya kwanta rashin lafiya, kafin dangi su zo Kwamanda ya iso da lemo, cikin cikakken kaki, ya tsaya a kan maras lafiya ya umarce shi da ya warke. Soronsa ya zama ma'ajiyar tantuna da sanduna, har baƙi sai a tsaye suke gaisawa da shi. Ruwa ko rana bai taɓa fashin Asabar ba. Illarsa ɗaya ce: dajin nan da yake ta ambato, kullum sai baɗi.

Da aka shiga shekara ta biyu, haƙurin iyaye ya fara ƙarewa. Suka kira taro a wani aji na makarantar. Wadda ta yi magana da yawunsu ita ce Hajiya 'Yardada, dattijuwa mai sayar da kayan miya, wadda jikokinta ke cikin rundunar, kuma wadda ba a taɓa jin ta yi wa magana kwana-kwana ba.

"Malam, Allah ya saka da alheri," in ji ta. "Amma fa mu takalma muke ta saye. Yaran nan sun iya hagu, sun iya dama. Jiya na aiki ɗaya ya kawo mini gishiri, sai da ya ƙame ya sara mini tukuna. To dajin fa? In dai tattaki ne kawai, gara mu kai su wajen koyon sana'a ranar Asabar, kowa ya huta."

Ajin ya ɗauki guna-gunin amincewa. Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, don ya san in aka janye yaran nan ba za su sake taruwa ba. Kwamanda ya ji benci yana neman zamewa daga ƙarƙashinsa. Ya miƙe a hankali, ya gyara ƙyallen wuya.

"Hajiya, kin riga ni ne kawai. Dama shiri nake. Ba a kai soja fagen fama sai ya nuna. Yanzu sun nuna. A wannan hutun, cikin daminar nan, zan shiga da su dawa. Dawa ta gaske, wadda ba fitila, ba famfo. Za su tafi suna yara, su dawo suna maza."

Aka yi tafi. Sai da ya koma gida ya cire hula, sannan ya tuna bai san dajin da zai kai su ba. Nana Hadiza ce ta tuna masa da Baffa Ashafa, ƙanen mahaifinsa, wanda har yanzu yake zaune da shanunsa a wata ruga ta hanyar Bichi. Rabon Kwamanda da rugar tun yana saurayi, kuma ko a lokacin bai kwana ba. Aka buga waya. Baffa ya ce su zo, gida nasu ne.

Ranar tafiya aka cika bas. Kowane yaro da tabarma da bargo da kwano, kamar yadda aka umarta, domin zarata ba sa son jin daɗi. Kayan Kwamanda kuwa sai da aka ɗaure su a saman mota: katifa, gidan sauro, kujera mai naɗewa, fanka mai caji, fulas, da wata jaka cike da magunguna. Ya bayyana cewa waɗannan ba kayansa ba ne, kayan ofishin Kwamanda ne. Iyaye mata suka tsaya a bakin lungu suna addu'a. Shi kuma ya leƙo ta taga yana ɗaga musu sanda, kamar mai tafiya buɗe wata sabuwar ƙasa.

Suka isa da hantsi. Ruga ce 'yar ƙarama, ga bukkoki, ga turakun shanu, ga gonakin dawa sun kewaye ta ta ko'ina, dawar ta yi tsawo har ta fi mutum. Baffa Ashafa ya fito, dogo siriri, ya tare su da Fulatanci. Kwamanda ya matsa gaba don yara su gani.

"Jam," ya amsa, wato lafiya.

Baffa ya sake magana.

"Jam," in ji Kwamanda.

Baffa ya yi wata doguwar tambaya, wadda daga baya aka gane cewa yana tambaya ne me ya hana shi zuwa ta'aziyyar gwaggonsa bara.

"Jam, jam," in ji Kwamanda, yana murmushi.

Tsohon ya dube shi daga hula har takalmi, ya juya harshe zuwa Hausa. "Audu, ka yi ƙiba. Wannan kayan fa, yaƙi ake yi a birni?"

Kwamanda ya hura usur da ƙarfi ya ce a je a kafa tantuna, kuma duk wanda ya ji wani suna da ba Kwamanda ba, to kunnensa ne.

Aka kafa tantuna, aka ɗebo ruwa, aka yi sallar azahar. Yara kamar an sake su daga keji. Wasu na kallon yadda ake tatsa, wasu na bin maraƙi, Ɗayyabu na ta ƙirga kawuna yana hana su nisa. Can matan ruga suka kawo fura da kindirmo a manyan ƙore. Kwamanda ya ga dama ta samu. Ya ce wa yara su sha kaɗan-kaɗan, don cikin ɗan birni ba ya ɗaukar nonon ruga. Shi kuwa da yake abincin kakanninsa ne, ya ɗauki ƙwarya guda ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Ya goge gemu, ya nemi ƙari, aka ƙara masa.

Ba a jima ba cikin Kwamanda ya fara nasa faretin. Da farko a hankali, daga baya da ganguna. Ya gyara zama a kujera mai naɗewa. Ya sake gyarawa. Ya dubi 'yar makewayar zana da aka tanada a bayan tantuna, ya ga yara na kai da kawowa a wajen. Yaya za a yi runduna ta ga Babban Kwamandanta ya shiga zana da buta kamar kowa? Ya miƙe, gumi na tsattsafo masa.

"Ɗayyabu, riƙe runduna. Zan fita leƙen asirin yankin nan."

"Ranka ya daɗe, in haɗa ka da wani?"

"Leƙen asiri ba a yin sa da jama'a."

Ya bi ta bayan bukkar Baffa, ya sunkuci wata buta da ya gani a jingine, ya ɓoye ta a ƙarƙashin faffaɗar hular, ya faɗa cikin gonar dawa. Ya yi nisa don kada a gan shi. Ya ƙara nisa don kada a ji shi. Ya yi wa iyaye alkawarin zai shiga dawa, ga shi kuwa Allah ya cika masa.

Da hankalinsa ya dawo jikinsa, ya miƙe ya nufi hanyar da ya fito. Sai dai hanyar ba ta jira shi ba. Gabansa kara, bayansa kara, hagu da daman da ya ƙware a kansu duk kara. A birni mutum yana gane hanya da hasumiyar masallaci, ko shagon wane, ko warin kwatar lungun su wane. Nan kuwa kowane kara ɗan'uwan ɗaya ne. Ya shaƙi iska kamar yadda yake faɗa a jawabi, bai ji komai ba sai ƙanshin ƙasa. Ya ciro kamfas ɗinsa, allurar ta nuna masa arewa ba tare da gardama ba. Sai a lokacin ya lura bai san ko rugar tana arewa ba ko tana kudu. Ya duba waya, babu sabis.

Ya yi ta tafiya. Ganyen dawa na yankar masa fuska. Gabas ta haɗa hadari baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa gonar tana wani irin shuu da bai taɓa ji ba. Can ya ɓullo bakin wata fadama, shimfiɗaɗɗiya, kore shar. A ɗaya gefen ya hango hayaƙi. Ya ce alhamdu lillahi, jinin daji ba ya ƙarya. Maimakon ya kewaya, ya yanke shawarar ratsawa ta tsakiya, irin ta sojoji.

Taku na farko lafiya. Na biyu ƙasa ta yi laushi. Kafin ya yi wani tunani, laka ta haɗiye shi har gwiwa. Ya yunƙura ya ciro ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa. Ya yunƙura ya ciro ta hagu, idon sawun ya yi ƙas, zafi ya harba masa har ƙeya. Ya tsaya cak, laka har cinya. Sai ruwa ya kece.

Fadama kuwa wurin taruwar ruwa ce. Duk abin da ya sauka a gonakin nan, nan yake gangarowa. Kwamanda ya ga ruwan da ke gindin ciyawa ya fara hawa, ja-ja, yana ɗauke da karmami. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda ba ya cikin jawabi. Ya tuna Nana Hadiza. Ya tuna bai gaya wa kowa inda ya nufa ba. Ya kama usur.

Shi da bakinsa ya koya wa yara cewa dogon busa sau uku alama ce ta neman agaji. Ya kai usur baki, ya ja numfashi, sai ya tsaya. Babban Kwamanda ya nemi agaji? A gaban zarata? Ya dubi ruwan, ya dubi lambar ceton rai. Sai ya hura busar da ya fi sani, wadda yake hurawa kowace Asabar, ta kiran fareti. Ya hura, ya sake hurawa. Da ruwa ya taɓa bel ɗinsa, ya riƙa haɗawa da salati da kuma wani kira da ya yi kama da "Wayyo Inna", ko da yake daga baya ya ce taken runduna ne da Fulatanci.

A can sansani hankalin Ɗayyabu ya riga ya tashi. La'asar ta yi babu Kwamanda. Baffa ya tafi koro shanu kafin ruwa. Ga yara a hannunsa, ga gonaki ba iyaka, bai san ta inda zai fara ba. Yana cikin tura su tanti sai iska ta kawo wata 'yar ƙara daga nesa. Kafin ya gane ko mece ce, yaran sun gane. Shekara biyu ana hura musu ita. Suka fito daga tantuna a guje, suka jeru cikin ruwan sama, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce su yi. Suka duba ba Kwamanda a gabansu. Busar ta sake zuwa, daga yamma.

"Malam, can ake faretin," in ji Ƙasimu, babban cikinsu.

Ɗayyabu ya bar ƙanana a bukkar matan ruga, ya sa manya suka ɗauki igiya da sanduna. Suka shiga dawa a layi, kowa riƙe da rigar na gabansa, suna tsayawa su saurara, su ci gaba. Haka suka bi busar har bakin fadama.

Abin da suka tarar ba ya cikin kowane darasi. Ga Kwamanda tsakiyar ruwa har ƙugu, hula ta tafi, jan ƙyallen ya zuba masa a riga, buta na yawo a gefensa. Ƙasimu bai san abin da ake yi a irin wannan hali ba, don haka ya yi abin da aka koya masa. Ya ƙame, ya sara.

"Runduna ta hallara, ranka ya daɗe!"

Kwamanda ya dube su. Idanunsa sun yi ja, kuma ba duk ruwan da ke fuskarsa ne na sama ba.

"Kun makara," in ji shi.

Aka yi ƙulli aka jefa masa igiya, ya zura ta a hammata. Aka shimfiɗa sanduna a bakin laka don kada wani ya bi shi. Yara suka kama, Ɗayyabu a gaba. Suka ja, ba motsi, don kowa na ja lokacin da ya ga dama. Sai wanda ake ceto ya daka musu tsawa daga cikin ruwa: "Wane irin ja ne wannan? Tare! Hagu! Dama! Hagu!" Suka ja a kan hagu, suka numfasa a kan dama. Laka ta yi wata ƙara kamar an cire murfin tulu, ta saki Kwamanda, ta riƙe takalman.

Tafiya ba ta yiwu ba saboda targaɗe. Aka zura sanduna biyu cikin rigunan kaki aka yi makara irin ta masu agaji, aka ɗora shi. Yara suka yi ta karɓa-karɓa, suna nishi, don nauyin ofishin Kwamanda ba kaɗan ba ne. Shi kuwa yana kwance, ƙafafu ba takalmi suna kallon sama, yana gyara musu sahu. "Na baya, ɗaga ƙafa! Wa ya ce a yi magana a layi?" Da haka suka shiga ruga, rana na shirin faɗuwa, ruwa ya tsagaita.

Aka hura wuta, da ashana. Kakin ya jiƙe sharkaf, kayan sawa na ofis kuma ruwa ya shiga jakarsu, don haka aka ara masa zanen matar Baffa ya ɗaura har ƙirji. A haka ya tara runduna, ƙafa ɗaya a naɗe, ya yi jawabi.

"Zarata, abin da kuka gani yau gwaji ne. Ni na shirya shi tun daga gida. Na zaɓi wuri mafi haɗari, na shiga da kaina, don in ga ko horon da na ba ku ya zauna. Ko Ɗayyabu ban gaya wa ba. Kun ci, amma da ƙyar."

Yara suka yi tafi, wasu har da gaske. Ɗayyabu ya duƙa yana gyara itacen wuta, kafaɗunsa na rawa. Baffa Ashafa, wanda ya dawo da shanu ya tsaya yana sauraro, ya jira har aka gama.

"To madalla," in ji shi. "Audu, ina butata?"

Sauran kwanakin sansanin sun tafi lafiya lau, wataƙila saboda Kwamanda ya jagorance su daga kan katifa. Yara suka koyi tatsa, suka dafa abincinsu, suka ƙona wani, suka ci a haka. Suka dawo birni baƙi wuluk, da kaushi, da labari a baki. Kafin bas ta gama sauke kaya, unguwa ta ji komai, har da launin zanen.

Aka sake kiran taro a ajin nan. Kwamanda ya iso yana dogara sanda, cikin silifas, da sabuwar lamba a ƙirji mai hoton igiya. Ya yi bayanin gwajin dalla-dalla. Lakar ta kai masa wuya. Fadamar ta zama kogi. Har an fara jin ƙamshin kada a labarin lokacin da Hajiya 'Yardada ta yi gyaran murya.

"Malam, mun ji, mun kuma gode. Ni dai jikokina sun dawo suna wanke kwanonsu da kansu, abin da ban taɓa gani ba. Mun yi shawara, ba za mu janye kowa ba. Yaron da ya kai ka daji ya dawo da kai da ranka, babu inda ba za a aike shi ba."

Kwamanda ne ya fara tafi. Ɗayyabu ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Nan take wasu iyayen suka ce su ma za su kawo nasu, aka fara tambayar yaushe za a koma.

"Wannan sai mun ji daga mai masauki," in ji Kwamanda. "Ɗayyabu, kira Baffa. Ka buɗe muryar kowa ya ji. Mutanen daji ba sa yabon banza, ina so iyaye su ji da kunnensu abin da ya gani."

Ɗayyabu ya ce ko a bari sai an tashi. Kwamanda ya ce umarni ne. Aka kira, aka ɗora wayar a kan tebur. Bayan gaisuwa Ɗayyabu ya ce iyaye ne ke tambaya ko runduna za ta iya dawowa.

"Yaran nan?" in ji muryar Baffa, ana jin kukan shanu a bayansa. "Ai yaran kirki ne. Su zo ko gobe, ruga tasu ce."

Kwamanda ya dubi jama'a yana gyaɗa kai, ya matso da kujerarsa kusa da wayar.

"Shi kuwa Audu," in ji Baffa, "ku riƙe shi a nan tukuna. A bari ƙasa ta bushe."